Taragon da Yaya Sale Ya Bar wa Daso

Bana shekara goma sha uku ke nan da muka kai wana Malam Sale makwancinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa can ta fiye masa nan. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ni tela ne, a unguwar Gwallaga na ƙare ƙuruciyata a kan keken ɗinki, bokon da na yi kuwa a aji huɗu muka yi sallama da shi, ba wanda ya yi kewar wani. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne gadon da Yaya ya bari. Wasu, gidaje suke bari, 'ya'ya su yi ta shari'a a kansu. Shi taragon jirgin ƙasa ya bari, na shanu, babu ƙafafu, a gonarsa ta Inkil, da matarsa Daso a ciki. Daminar da ta wuce daɓen taragon ya rufta da ita. Ɗansu ya ce lallai ta fito ta koma gidansa, ita kuma ta ce sai dai a fitar da gawarta. Ni aka sa a tsakiya, da gwiwoyin nan nawa da ko matakalar masallaci sai na lallashe su.

Kafin in kai ku can, dole in yi wa yaran yanzu bayani, don na lura da yawansu ba su taɓa ganin jirgin kaya yana tafiya ba sai a waya. Yaya ma'aikacin reluwe ne a tashar nan ta Bauchi. Ba direba ba ne, ba kuma mai sayar da tikiti ba. Aikinsa haɗa taragun kaya. Shi ke shiga tsakanin tarago da tarago ya saƙala ƙugiya, ya fito kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya ɗaga tuta injin ya ja. Babban yatsansa na hagu a wannan aikin ya tafi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ganin laifin taragon ba. Cewa yake yi shi ne ya yi jinkiri.

Mutum ne da ba shi da wata hira a duniya sai ta tarago. A wurin suna tarago, a wurin ɗaurin aure tarago, ka je duba shi ba shi da lafiya ya tashi zaune ya ɗora maka daga inda ya tsaya bara. A wurinsa babu wani abu wai shi tarago kawai, wanda ya faɗi haka ya tona wa kansa asiri. Akwai rufaffe, mai rufin ƙarfe da ƙofa mai zamewa gefe, wanda ake cika wa gyaɗa ko auduga ko fatu idan za a yi kudu, ya dawo da gishiri da siminti. Ana rufe shi a ɗaura hatimin dalma a bakin ƙofa, ba mai buɗewa sai ya isa. Duk mutumin da Yaya ya yarda da shi, to rufaffe ne. Limamin unguwarmu rufaffe ne. Ni kuwa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, buɗaɗɗe yake kirana, wato irin taragon nan marar rufi na kwal da dutse, wanda duk abin da aka zuba masa, kowane ƙauye aka wuce sai an gani. Wai ba na riƙe magana. Ga shi yau ina tabbatar masa a jarida.

Wani attajirin maƙwabcinmu mai tumbi da saurin fushi, shi tanki ne. Tankin fetur, in ji Yaya, ba a ɗaura shi a jikin injin, sai an sa wasu taragu a tsakani saboda tartsatsi, don haka shi ma attajirin ba a zaunar da shi kusa da mai ba'a a wurin walima. Shimfiɗaɗɗe kuma, wanda ba bango ba rufi, daɓe ne kawai a kan ƙafafu na ɗaukar gungumen katako da tarakta da ƙarafan dogo, sunan da ya ba wani ƙanen babanmu ke nan, bawan Allah da kowa ke ɗora wa hidimarsa bai taɓa cewa a'a ba. Ranar kai amaryata ma Yaya ne ya tsaya a titi yana tsara motoci, wannan ta shiga gaba, waccan ta koma baya, har dangin amarya suka tambaya ko ɗan sanda ne a gidanmu. Sai ɗan ƙaramin nan na can ƙarshen jirgi, taragon birki, inda mai gadin jirgi ke zama shi kaɗai da fitilarsa da butarsa. Ba ya ɗaukar kayan kowa, amma in an zo gangara shi ke riƙe sauran kada su bi ta kan juna. Wannan sunan bai taɓa ba kowa ba. Ina zargin kansa ya ajiye wa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwanakin baya na bi ta wajen tashar. Ciyawa ta kai ƙugu a tsakanin layuka, taragu na tsaye sun yi ja da tsatsa, awaki na kwance a inuwarsu suna tuƙa. Ban zo neman mai laifi ba, na tsufa da wannan. Amma da na fito bakin titi sai ga tirela ta wuce, shanu a ciki, an gicciya katako a samansu an ɗora buhuna da babura da jarkoki, can ƙololuwa kuma mutane sun jeru kowa na dafe da hularsa. Da Yaya ya ga wannan, ina jin a nan bakin titin zai zauna ya nemi a ba shi ruwa. Shi da ko fatu ba ya yarda a sa su tarago ɗaya da abin ci.

A cikin duk taragun, na shanu ne abin ƙaunarsa. Bangonsa ba a toshe yake ba, katako ne a jere da tazara a tsakani, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Kafin a yi lodi sai an wanke shi, a shafe shi da farar ƙasa, a zuba yashi a daɓe kada kofato ya zame. A ɗaura shi kusa da injin, inda fizga ba ta da yawa. Kuma shanu ba sa tafiya su kaɗai. Akwai ɗan rakiya, da sandarsa da garinsa da goran ruwa, yana tafe da su har Ikko ko Fatakwal, yana yi musu magana, yana tayar da wadda ta kwanta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. A wajen lodin shanun nan Yaya ya san wani Bafulatani mai kawo shanu tasha, a nan kuma ya ga 'yarsa Daso tana kawo wa uban fura da nono. Mu mutanen cikin gari ne, ita 'yar ruga. Dangi suka yi surutu na ɗan lokaci, suka gaji, aka ɗaura.

Da ya yi ritaya, aka yi gwanjon tsofaffin taragun da suka gama aiki, an cire musu ƙafafu. Mutane suka yi ta rububin rufaffu, don ana yin shago da su ko ma'ajiyar hatsi. Yaya ya tsallake su duka ya sayi na shanu, wanda ba wanda ya ko taya. Na ce masa, Yaya, wannan ai kwando ka saya. Ya ce ba a neman shawarar buɗaɗɗe. Aka ɗora shi a babbar mota aka kai gonarsa, lokacin Inkil daji ce, kana tsaye kana hango duwatsu ba wani rufin kwano da ya tare maka ido. Sai daga baya na gane don wa ya saya. Daso ta yi shekaru a ɗakin soro a cikin gari ba ta taɓa ƙorafi ba, amma duk bazara a tsakar gida take shimfiɗa, ta ce bango na danne mata ƙirji. Sun gina ɗaki biyu na ƙasa a gonar, amma taragon ne ya zama ɗakinta. Ya toshe ƙasan bangon da katako ya bar saman. Da damina a rataya zana, da rani a naɗe. A ciki ta jera ƙorenta, a ciki kuma Yaya ya yi jinyarsa ta ƙarshe, don shi ma daga baya cewa ya yi nan ne kaɗai yake iya numfashi.

Ɗansu na fari, Usman, ma'aikacin ofis ne, ya gina gidansa a unguwar Gwallameji. Yaron kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ƙannensa duk mata ne, aure ya kai su garuruwa masu nisa. To Daso Bafulatana ce ta asali, Usman kuwa ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta cin abinci a gabansa. In ya zo gaishe ta sai ya durƙusa a bakin tarago, ita tana ciki ta ba ƙofa gefe, ta amsa wa bango. Da Yaya na raye shi ke kai magana ya dawo da amsa. Da ya rasu, abin da ya rage a tsakaninsu gaisuwa ce da buhun shinkafa. Wanda bai san Fulani ba zai ce ba ta son yaron. Ni na ga yadda take leƙen bayansa ta tsakanin katakon nan har ya ɓace.

Da hantsi ne daɓen ya rufta. Katakon ya daɗe yana shan ruwa, ƙafarta ta burma har cinya, ta kasa fitowa. Inkil ɗin yanzu gidaje sun kewaye gonar ta ko'ina, amma duk masu katanga ne da get, kowa ya tafi aiki. Sai bayan azahar wata maƙwabciya ta ji kira. Ba karaya, alhamdu lillahi, targaɗe ne da ƙujewa. Amma Usman ya zo shagona idonsa jawur.

"Baffa, ka yi mata magana. Na gyara mata ɗaki, da tayil da fanka, banɗaki ma a ciki. In ta sake faɗuwa ba kowa fa?"

"Kai me ya hana ka gaya mata?"

"Haba Baffa. Ka san da bango zan yi magana."

Na ce a canza daɓen mana. Ya ce ya kai kafinta, kafinta ya ce ƙarfen da ke riƙe da katakon ma tsatsa ta cinye shi. Na ce to a ɗauke taragon ɗungurungum a kai Gwallameji. Ya ce motar ɗaga kaya ba ta da hanyar shiga, lungun da aka bari tsakanin gidaje keke mai ƙafa uku ma da ƙyar yake wucewa. Kuma ko an gyara, wa zai zauna da ita?

Ni da Daso abokan wasa ne, matar wa da ƙanen miji. Tun tana amarya nake ce mata matata, ita kuma ta ce mini malalacin miji. Na same ta zaune a bakin taragon, ƙafa a naɗe da tsumma.

"Matata, an ce kin yi kokawa da daɓe ya kayar da ke."

"Da kai mijin kirki ne ai da ka zo ka ɗaga ni. Sai da maƙwabta suka gama aiki ka taho da ɗan goronka."

"To tashi mu tafi Gwallameji. Ɗaki na jiran ki, har da abin da ake murɗawa ruwa ya zubo."

"Mutumin Gwallameji ne ya aiko ka?"

Haka take kiran ɗanta. Na ce shi ne.

"Ka ce masa na gode. Ka ce masa a nan yayanka ya ajiye ni."

Haka na yi ta zarya, Gwallaga zuwa Inkil, Inkil zuwa Gwallameji, har masu keken hanyar suka san ni, suna ce mini Baba mai sintiri. Sau ɗaya na samu ta yarda ta je ta ga ɗakin. Ta shiga, ta dubi silin, ta taɓa gilashin taga, ta tsaya a tsakiyar ɗaki kamar mai jiran alƙali ya yanke mata hukunci. Matar Usman ta kawo abinci, Daso ba ta taɓa ba, don ta ji muryar ɗanta a falo. Kafin la'asar ta ce in mai da ita. Muna cikin keke ta ce da ni, "Wancan rufaffe ne. Na siminti."

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Na zauna a shago da rigar wani a cinya na kasa ko zura zare, ina ta tunanin abin da Yaya zai yi. Na san ba zai tilasta mata ba, don bai taɓa yarda a doki saniya don ta hau tarago ba. Amma kuma na san ba zai bar kaya a taragon da ya gama aiki ba, ko da yana son taragon kamar ransa. In ya ga tsaga a ƙarfe, alli yake ɗauka ya yi masa gicciye, a sauke kayan ko mai kayan na kuka. Duk biyun halinsa ne. Wahalar tambayar mamaci ke nan, amsa biyu yake ba ka ya koma ya kwanta.

Wata Juma'a bayan an sauko na sake zuwa, ban ma shirya wata magana ba. Hadari ya taso, muka shiga ciki, ita a gefen da daɓen ke da sauran ƙarfi, ni a kan turmi. Ruwa ya kece, yana shigowa ta inda zana ta zame. Ta kasa tashi ta gyara, ni ma na miƙa hannu bai kai ba. Muka zauna muna jiƙewa, tsofaffi biyu. Da ruwan ya tsagaita ta ce, "Yayanka dogo ne. Shi ke rataya ta."

Na ce haka ne.

"Ba ɗakin kaɗai ba ne," in ji ta. "Gilashi ana cirewa. Amma in na je can, in ina son gishiri wa zan gaya wa? In ƙafar nan ta motsa, wa zan ce wa? Matarsa? Matar ɗan fari ai ita ma kunyarta nake ji. Zan zauna a gidansa in mutu da magana a baki."

"To yaya za a yi, matata?"

"Kai da ka sha hirar tarago har ta fito maka ta hanci. An taɓa loda shanu ba ɗan rakiya?"

Na yi dariya, na zaci wasa ne irin namu. Ta dube ni, babu alamar dariya a fuskarta.

"In za ka je, zan je. In ba za ka ba, ka daina wahalar da gwiwarka."

Mai karatu zai ce ai abu ne mai sauƙi. Ɗaki ɗaya nake da shi a Gwallaga, a bayan shago, tun da mai ɗakina ta rasu. Amma a ƙofar shagon akwai benci, a kan bencin akwai tsofaffi irina da muke gyara duniya da baki tun safe har magariba. Masallaci ga shi nan kusa, mai ƙosai ta san yadda nake so, in na yi tari maƙwabci ya ce mini sannu ta bango. Gwallameji kuwa kowa na bayan get ɗinsa, ka yi sallama kare ya amsa. Wata da watanni ina yi wa Daso wa'azin barin wurin da ta saba, ban taɓa ɗanɗana maganar a bakina ba sai ranar. Ɗaci gare ta. Da na gaya wa 'yan benci, wani mai gyaran rediyo da muka tashi tare ya ce, "Wato kai a tsufanka za ka tare a gidan mata." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma duk sun san wanda ya bar bencin nan a shekarunmu ba ya dawowa sai ziyara.

Na je na gaya wa Usman sharaɗin uwarsa. Ya ce ɗakin bakin get babu kowa a ciki sai tsofaffin tayoyi. Na ƙara masa da nawa sharaɗin: a cire gilashin tagar ɗakinta a sa raga, a fasa wata tagar a bangon da ke kallon ta farko don iska ta ratsa, a buɗe mata ƙofa ta baya. Gida sabo fil, fentin bai gama bushewa ba. Ya ce magini zai zo. Bai tambaye ni dalili ba.

Da kaka muka tashi, ƙorenta a gaba, keken ɗinkina a baya, a a-kori-kura ɗaya. Ba ta waiwaya ba. Ni na waiwaya. Taragon yana nan inda yake, Usman ya ce ba mai taɓa shi muddin tana raye, ko da yake masu sayen tsohon ƙarfe sun fara zagaye suna ƙwanƙwasa shi da dutse. Na san ƙarshensa. Wata rana za a zo da wuta a yanyanka shi, a ɗora a sikeli, a narka, ya zama rodi a ginin wani da bai taɓa jin kukan jirgi ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Malam Sale bayan shekarun nan, ba ni da abin nunawa mai yawa. Jiragen da ya haɗa sun isa inda za su tun tuni, gyaɗar an cinye, shanun an yanka. Abokan aikinsa saura ƙalilan, su ma in ka ce musu Sale sai sun yi ɗan tunani. Bai bar suna a bango ko makaranta ba. Amma matarsa ta yarda ta bar ɗakin da ya yi mata ba tare da ta saki ƙa'idarsa ba, ɗansa kuma ya fasa bangon sabon gida don tsohuwa ta samu iska. Ban san ko wannan ya kai a kira shi gado ba. Ni dai shi na gani.

Kullum da safe Usman yakan zo ya durƙusa a ƙofar baya, ni ina tsaye da sandata, ita tana ciki tana kallon sabuwar tagarta. Jiya bayan gaisuwa ta ce, "Ka gaya wa mai gidan nan ya rame. Ya riƙa karyawa kafin ya fita." Yana nan durƙushe, tsakaninsa da ita bai fi tsawon tabarma ba, ya ji da kunnensa. Duk da haka ya ɗago ya dube ni yana jira. Na gyara murya na faɗa masa. Ya ce, "Baffa, ka ce mata na ji." Na juya na ce mata ya ji.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya haskaka kabarinsa. Ya bar ni da aiki.